Naɗin lauya mai ritaya a matsayin mai gabatar da ƙara na musamman a Amurka

A tsarin shari'a da Nijar ta gada daga Faransa, mai gabatar da ƙara alƙali ne ma'aikacin gwamnati, lauya kuwa sana'arsa daban. A Amurka abin ba haka yake ba: idan bincike ya shafi shugaban ƙasa ko na kusa da shi, ana iya ɗauko lauya daga waje a danƙa masa aikin. Tambayar da za mu duba ita ce ko wanda ya yi ritaya zai iya riƙe wannan muƙami.

Dokar farko ta fito a 1978, bayan da shugaba Nixon ya sa aka kori Archibald Cox, mai binciken Watergate, a 1973. A ƙarƙashinta alƙalai uku ne suke naɗi. Su ne suka naɗa Lawrence Walsh a watan Disamba 1986 don binciken sayar wa Iran makamai, yana da shekara 74, ya riga ya bar ofishin lauyoyinsa na New York ya koma Oklahoma. Tsufa bai hana ba.

Wa'adin wannan doka ya ƙare a 1999, sai ministar shari'a Janet Reno ta kafa ƙa'idojin da suka mayar da naɗin hannun ministan. Ƙa'idojin sun ce dole mutumin ya zama lauya da aka sani da gaskiya da rashin son kai, mai ƙwarewar da za ta sa ya gama binciken ba da jan ƙafa ba, kuma ba ma'aikacin gwamnatin tarayya ba. Zai yarda ya fifita wannan aiki a kan duk wani aikinsa, kuma za a binciki tarihinsa a ga ko yana da wata moriya a cikin ƙarar. A nan mai ritaya ma ya fi wasu sauƙi, tunda ba shi da masu ƙara da yawa a hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne lasisi. Ritaya daga ofis daban, ajiye lasisi daban. Doka ta hana ma'aikatar shari'a biyan lauyan da ba shi da izinin aiki a wata jiha ko a gundumar Washington. Wanda ya mayar da sunansa cikin jerin waɗanda suka daina aiki, sai ya fara sabunta rajistarsa.

Akwai kuma gardamar tsarin mulki: shin minista na da ikon ba mutumin waje wannan ƙarfi ba da amincewar majalisar dattawa ba? A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta tabbatar da naɗin Robert Mueller. Amma a watan Yuli 2024 mai shari'a Aileen Cannon ta jihar Florida ta ce naɗin Jack Smith ya saɓa wa tsarin mulki, ta kori ƙarar. An janye ɗaukaka ƙarar bayan zaɓen Donald Trump, kafin kotun sama ta raba gardama.