ƘARAMAR HUKUMA DA ZIRGA-ZIRGAR DATTAWA: MISALI DAGA AZARE DA KATAGUM

Gabatarwa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Wannan magana gaskiya ce, amma ƙafa ba ta dawwama da ƙarfinta. Idan shekaru suka ja, gwiwa ta yi rauni, ido ya rage gani, sai tafiyar da mutum yake yi da ƙuruciya ba tare da ya ji ta ba ta zame masa aiki. Daga nan sai ya fara rasa jana'izar aboki, ya daina zuwa sunan jika, ya bar ranar da likita ya ce ya koma ta wuce. Kafin a farga ya zama baƙo a garin da aka gina da guminsa.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a cewa kai dattijo inda yake bukatar zuwa ba nauyin 'ya'yansa da danginsa ba ne kaɗai. Akwai kason da dokar ƙasa ta ɗora wa hukuma, kuma yawancin abubuwan da ke sauƙaƙa wa tsoho tafiya ko su tsananta masa, watau hanya da tasha da kasuwa, suna hannun ƙaramar hukuma ne. An ɗauki Azare da Katagum a Jihar Bauchi don misali, amma dokar ɗaya ce a dukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan.

Ƙasar da ake magana a kanta

Malam Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Fadarsa tana garin Katagum ne, a bakin kogin Jama'are, sai a 1916 aka mayar da mazaunin Sarki Azare. Saboda wannan tarihi sunan yakan ruɗa baƙo: Ƙaramar Hukumar Katagum hedkwatarta Azare ce, shi kuwa garin Katagum shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar kimanin kilomita 70.

A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Katagum sun kusa 300,000. A Nijeriya kuwa kimanin mutum biyar cikin kowane ɗari sun kai shekara 60 ko sun wuce. In an auna da wannan ma'auni, dattawan wannan ƙaramar hukuma ɗaya sun haura 10,000 tun a wancan lokaci. Da yawansu ba a cikin Azare suke zaune ba. Suna Chinade da Madara da Bulkachuwa da Ragwam da ƙauyukan da ke kewaye da su, alhali babban asibitin Gwamnatin Tarayya da bankuna da babbar kasuwa da ofisoshin hukuma duk suna Azare. Nan ne kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021. Tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga ko yanar ido ba sau ɗaya zai je asibiti ya gama ba, sai ya yi ta komawa, kuma kowace komawa kuɗin mota ne na mutum biyu, domin ba ya zuwa ba ɗan rakiya.

Abubuwa biyu sun ƙara tsananta wannan hali. Na farko shi ne janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya sa kuɗin mota ya ninka. Na biyu shi ne ruwa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma idan kogin Jama'are ya cika yakan malala cikin ƙauyukan Zaki har a koma shiga kwale-kwale. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Saurayi yakan naɗe wando ya tsallake, tsoho kuwa sai ya jira ruwa ya janye.

Abin da doka ta tanada

Kafin 1976 En'e ce ke gudanar da harkokin ƙasa a Arewa. A wannan shekara, wadda a cikinta aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Gwamnatin Tarayya ta yi gyaran da ya mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na mulki, da tsari iri ɗaya a ko'ina. Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haka a sashe na 7, sa'an nan ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a Jadawali na Huɗu. Daga cikinsu akwai kafa tashoshin mota da kasuwanni da makewayin jama'a da kula da su. Gina tituna da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa. Ba da lasin kekuna da amalanke da kwale-kwale. Kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi. Da sa hannu a ilmin manya da aikin lafiya. Mai karatu zai ga babu ɗaya cikin waɗannan da bai shafi tsoho ba.

Har wa yau, sashe na 16 ya umurci hukuma ta fuskantar da manufofinta wajen kula da tsofaffi da biyan fansho, sashe na 17 kuma ya ce a kare su daga ci da gumi da wofintarwa. Sai dai ya kamata jama'a su fahimci wani abu. Waɗannan sassa biyu suna cikin Babi na Biyu ne, wanda tsarin mulkin kansa bai ba kotu ikon tilasta wa hukuma cika shi ba. Saboda haka hanyar neman wannan hakki ita ce ta kasafin kuɗi da majalisar kansiloli da akwatin zaɓe.

A nata ɓangaren, Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a watan Janairu 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, kuma a wannan shekara Majalisar Zartaswa ta amince da Manufar Ƙasa Kan Tsufa. Dokar Inshorar Lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka tanadar wa asusu na musamman. Amma cibiya a Abuja ba za ta san wace tsohuwa ce a Madara ta kasa zuwa asibiti ba. Mai unguwarta da kansilanta su ne za su sani.

Abin da ƙaramar hukuma ke da ikon yi

Ba sai an yi sabuwar doka a Majalisar Tarayya ba, ikon da ke hannun ƙaramar hukuma ya isa a yi waɗannan:

1. Rajista. A rubuta sunayen dattawan kowace mazaɓa ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai, a ware waɗanda ba su da mai kula da su da waɗanda ke zuwa asibiti a kai a kai. Taimakon da ba rajista yakan ƙare a hannun wanda ya fi kusa da ofis.

2. Gyaran tasha. Tun da tasha ta hukuma ce, tana iya sa rumfa da benci da ruwan sha da makewayi, ta kuma daidaita da ƙungiyar direbobi a riƙa keɓe wa tsoho kujerar da ba zai sha wuyar shiga da fita ba, kada 'yan kamasho su cusa shi a baya tare da kaya.

3. Rangwamen kuɗin mota. Ana iya ba dattijon da ke cikin rajista kati, ya biya rabi, hukuma ta cika wa direba rabin. Ana kuma iya keɓe mota ɗaya ranar da aka san ana ganin masu hawan jini da ciwon suga, ta bi ƙauyuka ta kwaso su, ta mayar da su da yamma.

4. Ƙananan hanyoyi. Kwalbati guda da aka gina kafin damina ya fi wa tsohon ƙauye amfani bisa ga titin da ba ya bi. Haka kuma rufe kwata a bakin masallaci da kasuwa da ɗakin shan magani, domin karayar ƙugu ga mai shekara 70 sau da yawa ita ce ƙarshen tafiyarsa.

5. Kwale-kwale. Inda ruwa ke raba ƙauyuka, mai ba da lasi yana da ikon hana lodi fiye da kima, da neman a tanadi rigunan ruwa.

6. Rage tafiyar kanta. Ma'aikacin lafiya da ya je ƙauye da abin awon jini ya hutar da mutum talatin zuwa Azare. Haka kuma, tun 2023 hukumar fansho ta tarayya, watau PTAD, ta buɗe hanyar da tsohon ma'aikaci zai tabbatar yana raye ta waya ko kwamfuta. Tebur ɗaya a sakatariya da ma'aikaci ɗaya sun isa a taimaka wa wanda bai iya ba.

Zama cikin jama'a

Asibiti ba shi ne iyakar bukatar dattijo ba. Likitoci sun tabbatar cewa kaɗaici yana raunana jiki da tunani. A ƙasar Hausa an riga an sami maganinsa: majalisar ƙofar gida, karatun tsakanin Magariba da Lisha, sallar Juma'a, cin kasuwa, ɗaurin aure da ta'aziyya, da kallon hawan Salla a ƙofar fada. Ba a bukatar hukuma ta ƙago wani sabon abu. Abin da ake bukata shi ne ta tallafa wa wanda ake da shi: inuwa da wurin zama a dandali, rumfar dattawa a filin idi da filin hawa, ajin yaƙi da jahilci da aka sa wa lokacin da ya dace da manya, da kujera ga dattawa a kwamitin raya mazaɓa mai lura da ɗakin shan magani.

Wajibi ne a tuna da mata. Tsoho yana da majalisa da masallaci, tsohuwa kuwa, musamman wadda mijinta ya rasu, sau da yawa tana cikin ɗaki ba mai ganinta. Kuma ba kowace ce ke iya hawa acaba ba. Duk shirin da bai kai gare ta ba ya bar rabin aikin.

Ribar ba ta tsofaffi ba ce kaɗai. Dattijo ne ya san iyakar gona da burtali, shi ne ya san inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya, shi ne ake kira idan aure ya rikice. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Garin da ya bar dattawansa a ɗaka ya rufe littafin tarihinsa da hannunsa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro kan tsufa a Biyana a 1982, ta sake yi a Madrid a 2002, ta kuma keɓe 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi ta duniya. A Landan tun 1973 hukumar birnin ta fara ɗaukar 'yan fansho kyauta a bas, kuma ƙananan hukumomin birnin ne ke biyan kuɗin. A 2008 aka faɗaɗa irin wannan ga dukan Ingila. Ba za a kwafi wannan tsari yadda yake ba, domin motocin hayar Azare da kekunan Napep na mutane ne masu neman abinci, ba na hukuma ba. Amma darasin a fili yake: kujerar da tsoho ya hau kyauta wani ne ya biya. In aka ɗora wa direba asarar, gobe ya hango tsoho a bakin hanya zai wuce.

Ina za a sami kuɗi?

Ƙaramar hukuma tana da kaso daga Asusun Tarayya, tana kuma karɓar kuɗin shiga daga tasha da rumfunan kasuwa da lasi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri. Mafi yawan ayyukan da aka lissafa a sama ba masu tsada ba ne. Benci da rumfa da kwalbati ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Sharaɗin shi ne a rubuta su cikin kasafin shekara, domin abin da ba ya cikin kasafi alkawari ne kawai. Masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari da masu fitar da zakka suna iya ƙarawa a kai.

Kira ga jama'a

Ana roƙon kowane magidanci ya kai sunan tsohon da ke gidansa ko maƙwabtansa wurin mai unguwa. Ƙungiyoyin unguwa su rubuta bukatunsu a takarda, su miƙa wa kansila da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma kafin a kammala kasafi, su riƙe kwafi, su kuma koma su tambayi inda aka kwana. Direbobi da masu keke su yi haƙuri da mai hawa a hankali. Matasa su sa gyaran hanyar gidan tsoho cikin aikin gayya.

Taimakon hukuma ba ya sauke wa ɗa nauyin iyayensa, haka kuma ƙoƙarin ɗa ba ya sauke wa hukuma nata. Dattawan Azare da Katagum sun biya haraji da jangali, sun noma gyaɗa da auduga, sun yi renon waɗanda ke riƙe da ofisoshi a yau. Wanda duk Allah ya ja kwanansa zai iske tashar da ya gyara ko wadda ya bari.