Gyambon da ya ƙi rufewa

A cikin jini Allah Ya halicci wasu 'yan ƙwayoyi masu tsayar da jini idan an yanke, sannan su saki sinadaran da ke sa sabuwar tsoka da fata su tsiro. Shi ya sa likitoci kan ɗebi jinin mai gyambon, su juya a na'ura, su ware ruwan mai tarin ƙwayoyin nan, su sa a ciwon. Sunansa PRP.

To amma fa jinin ƙaho daban ne. Kada a shafa shi a miki, cuta zai ƙara. Mai ciwon suga da ƙafa ta ɓare, maza Asibitin Yusuf Ɗantsoho nan Tudun Wada, a auna suga tukuna. In suga na sama, ko da zuma da wuya miki ya rufe.

Allah Ya ba mu lafiya.