Kuɗin kowa, asusu ɗaya: me ya sa VPN ɗin guruf ɗinku yake ƙin hawa?

Idan kana cikin guruf ɗin da aka yi karo-karo aka sayi VPN guda ɗaya, to ka san irin saƙon da ke shigowa da tsakar dare: "Wai ni kaɗai ne ko kowa abin ya ƙi hawa?" Kafin a yi minti goma wani ya zagi kamfanin waya, wani ya ce mai riƙe da asusun ya cinye kuɗin, wani kuma ya fice daga guruf ɗin cikin fushi. Abin dariya ne in kana gefe, amma ga matashin da ke Dutsi ko Shargalle wanda zai miƙa aikin zane ko na rubutu ga wani a ƙasar waje kafin asuba, maganar abinci ce.

Yawancinmu a 2021 muka san VPN. Ranar 5 ga Yuni na wannan shekarar aka rufe Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A cikin waɗannan watanni bakwai, har wanda bai taɓa jin kalmar ba sai da ya sauke manhajar. A farkon 2024 da aka toshe shafin Binance, 'yan kirifto suka sake komawa kanta. Mai kyau kuwa da dala ake biyanta, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. To wa zai biya shi kaɗai? Sai a haɗu mutum shida, takwas, goma, kowa ya turo nasa.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe: VPN ba sabis ba ce. Hanya ce kawai da take ɗaukar bayananka a lulluɓe ta kai su wata saba a wata ƙasa, daga can su wuce inda ka nufa. Idan babu sabis, babu abin da za ta hau kai. Mutanen Jibiya, Batsari, Safana da Ƙanƙara sun ga haka a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Dutsi ba ta cikin jerin, amma darasin ya shafi kowa: babu manhajar da ta iya tsallake wannan. Haka ma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ji a jikinsa, mai VPN da marar ita. Saboda haka kafin ka ɗora wa kowa laifi, kashe ta, ka buɗe Google. Idan bai buɗe ba, matsalarka da eriya ce, ba da abokinka ba.

Duba kuma wace irin data ce a layinka. Ƙunshin nan mai araha na WhatsApp ko Facebook kaɗai ba ya tafiya da VPN, domin da zarar ka kunna ta kamfanin layi ba ya gane wace manhaja kake amfani da ita. Ko dai ta ƙi hawa, ko kuma ka waiwaya ka tarar an kwashe kuɗin kiranka.

Idan sabis lafiya lau, data ma akwai, to ka zo inda yawancin rigimar take. Kowane kamfani yana da iyakar na'urorin da za su hau a lokaci guda. NordVPN goma yake bari, Surfshark ba shi da iyaka, wasu kuma ba su kai goma ba. Ku takwas ne a guruf, ka ce ai da sauran wuri. Amma ka lissafa: wannan yana da waya biyu, wancan ya sa a kwamfutarsa, ga wanda ya ba ƙaninsa kalmar sirri "na kwana ɗaya kawai", ƙanin kuma ya ba budurwarsa. Kafin ka ankara na'urori sun zarce adadin, kai da ka biya kuɗinka cif kai ne ake cewa ka jira. Akwai kuma wata: idan sabis ya ɗauke wa mutum ba tare da ya kashe manhajar da hannunsa ba, saba takan ci gaba da lissafa shi na ɗan lokaci kamar yana nan. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, irin hanyar Katsina zuwa Daura idan kana cikin mota, mutum ɗaya zai iya tare gurbin mutum biyu bai sani ba.

Masu amfani da manhajoji irin su Outline ko v2rayNG, waɗanda ake saka musu mabuɗi ko adireshi maimakon suna da kalmar sirri, nasu ya fi sauƙin ɓallewa. Wannan adireshin shi ne mabuɗin gidan. Duk wanda ya kwafe shi ya shiga, kuma sau da yawa akwai adadin datar da aka ware wa wata. Mutum ɗaya ya kwana yana sauke fina-finai, ranar 12 ga wata kowa ya tsaya. Maganinsa mai riƙe da asusun ya soke tsohon mabuɗi ya fitar da sabo, ya tura wa kowa ta saƙon kansa, ba cikin guruf ba. A Outline ma ana iya yi wa kowane mutum mabuɗinsa daban da iyakar datarsa, ka ga an huta da zargi.

Idan kuwa kowa yana hawa sai kai kaɗai, to wayarka za ka bincika. Agogon waya idan ya kauce, saba takan ƙi karɓarka, don haka ka bar shi yana saita kansa. Wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, suna da tsarin tanadin batir da ke kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Ka cire VPN ɗin daga cikin waɗanda yake taɓawa. Android ba ta barin VPN biyu su yi aiki tare, saboda haka tsohuwar ta kyauta da ka manta da ita tana iya ture sabuwar. Sannan a cikin saitin akwai maɓallin da ke toshe intanet gaba ɗaya idan VPN ta yanke, shi ne yake sa ka ga kamar datarka ta ƙare alhali tana nan. In duk wannan bai yi ba, canza saba, ko ka sauya daga WireGuard zuwa OpenVPN ta TCP. Ya fi nauyi kaɗan, amma ya fi haƙuri da sabis mai rauni.

Ni dai a ganina, raba kalmar sirri ɗaya ga mutum goma shi ne tushen ciwon, kuma wasu kamfanonin sun hana hakan a ƙa'idojinsu, suna iya rufe asusun ba tare da sun maido ko sisi ba. Idan dole sai an haɗa, a san mutum ɗaya mai riƙe da asusun, a rubuta ranar da kuɗi zai ƙare, a ƙayyade na'ura ɗaya ga kowa, a canza kalmar sirri duk ranar da wani ya bar tafiyar.

Kada kuma haushi ya kai ka ga fayilolin "browsing kyauta" da VPN ɗin da aka fasa da ake rabawa a Telegram. Duk abin da kake yi ta sabar wani yake bi, kuma ba ka san ko wane ne ba. Ko da mai kyau kake amfani, kashe ta kafin ka buɗe manhajar banki ko OPay. Asusun da aka saba gani daga Katsina, yau a gan shi a Jamus gobe a Amurka, ana iya ɗaukarsa an yi masa kutse a dakatar da shi, sai ka yi ta zarya kafin a buɗe maka.