Tsamiya, Kanwa da Rana: Abubuwan Mamaki Kan Fitar da Tabo

Ranar wata walimar saukar karatu, ɗigon miyar kori ya sauka a gaban farar shaddata, bai fi ƙwayar wake ba. Na ruga bakin famfo na goga masa sabulu. Wannan ɗan ɗigo rawaya sai ya rikiɗe ja wur, ya bazu kamar an yanka kaza a jikina. Goggona na zaune tana kallona, ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauraye ki shanya a rana, ki daina wahalar da hannunki." Kafin la'asar ɗin washegari ko alamarsa babu.

Kurkum, wato gangamau, da ke cikin korin ne ya yi mini wannan wasa. Launinsa yana komawa ja idan ya haɗu da dangin kanwa, sabulu kuwa danginta ne. A matsa masa lemon tsami, nan take ya dawo rawaya. Masana sinadarai sun daɗe suna gwada ruwa da takardar da aka rina da kurkum saboda wannan hali nasa. Hasken rana kuma koɗar da shi yake yi, a nan Goggo ta fi ni ilimi.

Zoɓo ma haka yake da sauyin fuska. Ku zuba shi a kofin gilashi biyu, ku jefa kanwa a ɗaya, ku matsa lemo a ɗaya. Na kanwar zai dushe ya yi duhu-duhu mai ratsin kore, na lemon ya ƙara haske ja jawur. Saboda haka idan zoɓo ya zube a riga, a fara da ruwan sanyi mai yawa tun yana ɗanye, sabulu ya jira tukuna.

Ita kanwar nan da ake saya ta 'yan nairori a bakin kasuwa, ta girmi sabulu a aikin wanki. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna suna haƙo irinta a kwarin Wadi Natrun, suna wanki da ita, suna kuma busar da gawarwakin manyansu da ita kafin a naɗe. Daga sunan wannan gishiri alamar Na ta fito, wadda ɗaliban kimiyya ke haddacewa a madadin sodiyam. Tamu kuwa daga ƙasar Manga da kewayen Tafkin Cadi fatake suka yi ta kawo ta. Ƙarfinta a kan maiƙo yake. Duk wanda ya ga yadda matan Ibo ke ɗiga ruwan kanwa a manja ya yi kauri ya koma rawaya, ya ga asirin da idonsa: man da ba ya shiri da ruwa sai ga shi ya saje da shi. Tsumman kicin da ya sha mai, a jiƙa shi a ruwan kanwa mai ɗumi ya kwana.

Toka ƙanwar kanwa ce a wannan fage, da ruwanta ake dafa sabulun salo. A 1807 wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya ciro wani sabon ƙarfe daga gishirin toka, sunan da ya ba shi, fotasiyam, asalin ma'anarsa tokar tukunya. Sai dai kanwa da toka duk suna cin ulu da siliki, kada a kusanto da su.

Sai ɓangaren masu tsami. Larabawa sun sa wa tsamiya suna dabinon Indiya, alhali bishiyar Afirka ce. Indiyawan dai sun san darajarta, da ita suke goge fitilu da kwanonin tagulla na gidaje da wuraren bautarsu. A jiƙa ta, a haɗa da ɗan gishiri, a murza a tagullar da ta yi baƙi, kafin ka gama murza wannan gefe wancan ya fara ƙyalli. Tukunyar alminiyam da kanwa ta baƙanta wa ciki, a tafasa ruwan tsamiya ko tumatir a cikinta, sai ta washe. Farin dasƙaren da ruwan rijiya ke bari a gindin butar shayi shi ma tsami ke narkar da shi.

Amma tsamin da ke narkar da wancan dasƙare, shi ne ke cin dutsen mabul, domin asalinsu ɗaya. Rabin lemo da aka kife a kan teburin mabul zai bar zobe dusu-dusu wanda babu wankin da zai fitar, don ba tabo ba ne, dutsen ne ya zaizaye.

Tsatsar da igiyar shanya ta ƙarfe ke bari a kafaɗar riga: lemon tsami, gishiri, rana. A maimaita sau biyu ko uku. Wanda ya zuba mata bilic kuwa ya ƙara zaunar da ita.

Goro da shayi su ne masu taurin kai, kuma da dalili. Suna ɗauke da irin sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. A Saliyo da Gini har rina tufafi ake yi da goro, ya ba da launin ƙasa-ƙasa. To, wanda ya tofar da tuƙar goro ta faɗa a babbar rigarsa, rini ya yi mata bai sani ba. Wani abin kuma, wannan bauri idan ya haɗu da ƙarfe baƙi yake zama, da haka dukawa ke baƙanta fata, da haka kuma Turawa suka yi ƙarnoni suna haɗa tawadar rubutu. Kada a jiƙa rigar da shayi ya zube wa a bokitin ƙarfe mai tsatsa.

Jini ruwan sanyi yake so. Ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a kasko. Haka madara, haka ƙwan kansa. Idan ya riga ya bushe, ƙaron ɗanyar gwanda yana taimakawa, domin abin da ke sa nama ya yi laushi in an naɗe shi a ganyen gwanda, shi ne ke warware jinin. Wani Bajamushe, Otto Röhm, ya bi wannan hanya a 1913, ya haɗa garin jiƙa wanki da ruwan narkar da abinci da ake samu a cikin dabbobin mahauta. Yawancin garin wanki na zamani jikokin wannan dabara ne.

Manja tabo biyu ne a wuri ɗaya, ga mai, ga launi. Man, a barbaɗa masa garin sitaci ko fulawa ko alli, a bar shi ya tsotse, a kakkaɓe, sannan a wanke. Launin kuwa irin na karas ne, rana ke cinye shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora dutsen guga kafin man ya fita. Daga nan sai haƙuri. Wannan dabara ta tsotsa har a manyan gine-gine ana yin ta: hukumomin Indiya sun sha shafe bangon Taj Mahal da wani irin yumɓu, a bar shi ya bushe ya zuƙe dauɗar hayaƙi, sannan a wanke.

Mai kuma mai ke fitar da shi. Danƙon takardar da aka liƙa a sabon kwano, ko kwalta a ƙafar yaro, man gyaɗa ya ishe su. Cingam a tufafi, ƙanƙara: ya daskare, a ɓamɓare.

Kafin 1770, lokacin da aka gane cewa roba tana goge rubutun fensir, da tsakiyar burodi Turawa ke gogewa. A 1625 ma da ƙyalle da burodi aka goge zanen Michelangelo da ke rufin ɗakin ibadar Sistine a Batikan. Abin wasan yaran nan mai kama da ƙullun fulawa, Play-Doh, asalinsa abin goge baƙin hayaƙin kwal ne daga bangon ɗakuna a Amurka, sai a shekarun 1950 ya koma hannun yara.

Zoben azurfa da ya yi baƙi, a shimfiɗa takardar alminiyam ta gashi a kwano, a ɗora shi a kai, a zuba bekin soda da tafasasshen ruwa. Za a ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai yana tashi, baƙin ne ke barin azurfar. Ya fi gogewa, don guga rage azurfar take yi. Mai dutse a kai dai a bar wa maƙeri.

Mutanen Rum na da, da tsohon fitsari suke wanke tufafi, har sarkinsu Vespasian, wanda ya yi mulki daga shekara ta 69 zuwa 79 miladiyya, ya ɗora masa haraji. Alhamdu lillahi da kanwa.

Akwai kuma waɗanda suna kawai suka tara. Bula ba ta fitar da komai, shuɗinta ne ke rufe rawayar tsohon farin yadi, ido ya ga kamar ya yi fari. Haɗa ruwan khal da bekin soda, wanda ake ta yayatawa a bidiyoyin waya, kumfarsa ce kawai abin kallo: ɗaya mai tsami ne, ɗaya dangin kanwa, suna haɗuwa suke kashe ƙarfin juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kowanne shi kaɗai ya fi aiki. Jan lalle a hannu kuwa babu abin da ke cikin kicin da zai cire shi, don ya kama jikin fatar ne, sai ta saɓe. Na farce kuma sai farcen ya tsiro an yanke.

Haɗi ɗaya ne ba na wasa ba. Bilic, wanda a Nijar ake kira Jabel da sunan wata unguwa ta birnin Faris inda aka fara haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18, idan ya gamu da khal ko lemon tsami ko ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin yake fitarwa. Ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a fagen daga na Ypres, a ƙasar Beljiyam, cikin watan Afrilun 1915. Uwargida, a faɗa wa yara da masu taya aiki: bilic shi kaɗai ake zuba shi a ruwa, kuma ƙofar banɗaki a buɗe.