Dilar Gwanjo: Nauyi Sananne, Kaya a Ɓoye

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗowa, 'yan gwanjo ke cin kasuwarsu a ƙasar Gumel. Ranar Alhamis a Maigatari, ban da shanu da raƙuma da tumakin da suka yi wa garin suna har ƙetaren iyaka, akan baza rigunan sanyi da barguna da safa da kayan yara a kan leda, magidanta da mata suna ɗagawa suna tayawa. Haka abin yake a Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan da ke kewaye da su. Mai saye ɗai-ɗai yake saye, shi ya sa bai cika sanin cewa rigar da ke hannunsa ba a taɓa ƙirga ta ba sai da ta iso kasuwar. Tun daga inda aka tattara ta a Turai ko Amurka ko Sin har ta sauka a shagon 'yan sari, da kilo ake cinikinta. Wannan awon shi ne asirin arahar gwanjo, shi ne kuma ramin da ƙananan 'yan kasuwa ke faɗawa. Sikeli alƙali ne mai gaskiya a kan kayan da suke iri ɗaya, amma a kan tufafi ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da gani, ko da bayanin da mai sayarwa zai ɗauki alhakinsa. Inda aka rasa waɗannan biyun, asara takan gangaro ta tsaya a kan wanda ya fi kowa ƙarancin jari.

A ƙasashen da kayan ke fitowa ma akwai sayarwa da awo, sai dai tsarinsa ya saɓa da namu. A Amurka akwai ƙungiyar agaji mai suna Goodwill, wadda aka kafa a birnin Boston a 1902. Jama'a kan kai mata kayan da suka daina amfani da su kyauta, ta jera masu kyau a shagunanta, kowane da farashinsa. Abin da ya yi kwantai sai a kwashe shi zuwa wasu manyan ɗakunan ajiya, a zuba a cikin faffaɗan kwantena masu taya, a turo su tsakar ɗaki. Masu saye su tona da hannunsu, su zaɓi abin da suke so, a ɗora a sikeli, su biya gwargwadon nauyi. Bayan wani lokaci a janye kwantenan a kawo wasu. A Ingila ma ana shirya irin wannan kasuwa ta kilo. Abin lura shi ne, a can gani ke zuwa kafin awo. Sauran da ya rage bayan masu zaɓe sun gama, tare da tarin kayan da shagunan agaji ba su da wurin jerawa, shi ake sayar wa kamfanonin tantancewa. Su kuma su rarraba shi iri-iri da daraja-daraja, su matse da inji, su ɗaure da leda da ƙarfe, ya zama dila mai kilo 45 ko 55, wani lokaci har 100. Daga nan tsari ya juye: biya ke zuwa kafin gani.

Hanyar da dilar ke bi ta iso arewa ita ma tana ƙara mata duhu. Tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigowa da su kwata-kwata, kuma haramcin ya daɗe tun shekarun 1970. Saboda haka akasarinsu a tashoshin Kwatano da Lome ake sauke su, wasu su shigo ta kudu zuwa Legas da Aba, wasu su hauro ta Jamhuriyar Nijar su ɓullo ta garuruwan kan iyaka, su taru a manyan kasuwanni irin ta Ƙofar Wambai a Kano, inda 'yan tireda da masu kasa kaya na Jigawa ke zuwa sari. Mutanen Maigatari sun fi kowa sanin yadda wannan hanya ke tsinkewa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na cikinsu tare da Illela da Seme da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A tsakanin nan kuma Naira ta karye, daga kusan 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kowace rufewa da kowace faɗuwar Naira a kan kuɗin dila take sauka, kuma duk hannun da dilar ta ratsa kafin ta iso yana ƙara nisa tsakanin wanda ya ɗaure ta da wanda zai fasa ta.

Manomin riɗi a Gagarawa ya san dalilin da ya sa sikeli ke yi masa adalci. Kilon riɗi ɗaya tamkar ɗan'uwansa ne, kuma mai saye kan soka buhu ya ɗebo kaɗan a tafin hannu, ya ga tsabtarsa da bushewarsa, abin da ya gani kuwa ya wakilci sauran. Tufafi ba haka suke ba. Riguna biyu na iya zuwa da nauyi ɗaya, ɗaya ta yi kuɗin abincin yini uku, ɗayar ko kyauta ba mai karɓa. A ɗauki misali don lissafi kawai. Idan ƙaramar riga ta kai giram 200, dila mai kilo 45 za ta ƙunshi guda 225. Idan an saye ta Naira 225,000, kowace riga ta tsaya a 1,000. To, idan aka fasa aka tarar kashi ɗaya cikin uku yagaggu ne, ko masu tabon da ba ya fita, ko ɗinkin da ba mai sa wa a ƙasar Hausa, saura 150 ke nan, kowace ta koma 1,500 tun ba a sa kuɗin mota da na rumfa ba. Sikeli bai yi ƙarya ba, kilo 45 ɗin sun cika cif. Amma ya auna tsumma da farashin riga. Ga kuma abin da 'yan gwanjo suka daɗe suna kuka da shi: dilar da aka kwance a hanya, aka tsame na kirki, aka cike gurbin da tarkace aka sake ɗaurewa, da wadda ta sha danshi ta ƙara nauyi ta kuma yi fumfuna.

Wannan ba zargi ba ne kawai. A kasuwar Kantamanto da ke Akara, wadda tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, wata ƙungiya mai suna The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa a kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da ake fasawa a bola yake ƙarewa. Ƙungiyoyin masu shigo da kayan sun musanta wannan adadi, suna cewa sharar ba ta kai haka ba. Ko da an rage shi, ba wanda ya ce babu shara a cikin dila, kuma tambayar ita ce wa ya biya kuɗinta. Kamfanin da ya ɗaure ya karɓi kuɗinsa da kilo, mai jirgi ya karɓa da nauyi, babban ɗan kasuwa ya sayar da dila a rufe. Wanda ya ci adashi ko ya sayar da akuyarsa ya sayi dila ɗaya tak, shi kaɗai ne a duk jerin wanda ribarsa ta dogara ga abin da ke ciki.

Malaman fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun riga sun yi magana a kan irin wannan ciniki. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa an hana cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10, ya halatta sayen tarin abin da ake aunawa bisa ƙiyasi, amma ya fitar da tufafi daga ciki, domin kowane tufa da darajarsa. Sai dai mazhabar Malikiyya ba ta rufe ƙofar sayen ƙunshi a ɗaure ba. Tun a Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yarda a sayi ƙullin tufafi ba tare da an kwance ba, idan akwai takardar da ta bayyana adadinsu da irinsu da siffarsu, saboda kwancewa da sake naɗewa na ɓata kaya. Cinikin yana ɗaure mai saye ne idan kaya suka dace da takardar. Idan suka saɓa, yana da hakkin mayarwa. Hukuncin kowace dila a yau na malamai ne, amma ma'aunin da suka gada a fili yake, kuma dilar da ba a rubuta komai a jikinta ba sai nauyi da kalma ɗaya ta yi nisa da shi.

Wani zai ce ai kasuwa sa'a ce, yau ka fasa ka dace, gobe ka fasa ka yi kuka, a ƙarshen shekara abin ya daidaita. Wannan magana gaskiya ce ga mai sayen dila hamsin, domin masu kyau za su rufe asarar marasa kyau. Mai dila ɗaya ba shi da gobe idan ta yau ta ƙi. Tawakkali kuma bai taɓa nufin a yi cinikin biri a sama ba. Wani kuma zai ce babban ɗan kasuwar ma bai ga cikin dilar ba, don me za a ɗora masa? Amsa ita ce shi ya san kamfanin da ya ɗaure, ya san wane tambari ke zuwa da kyau, wane ke zuwa da shara, yana kuma da ƙarfin daina saye daga mai cuta. Idan asarar mugunyar dila ta fara komawa gare shi, shi ma zai mayar da ita sama. Muddin tana tsayawa a ƙasa, babu wanda ke da dalilin gyarawa.

Akwai masu ganin maganin shi ne a kawar da gwanjo baki ɗaya, tunda shi ya kashe masaƙunmu. Suna da hujja. Wani bincike da masanin tattalin arziki Garth Frazer ya wallafa a 2008 ya danganta kusan kashi 40 cikin 100 na raguwar ɗinkin tufafi a masana'antun Afirka tsakanin 1981 da 2000 ga shigowar gwanjo. Sai dai masaƙun Kaduna, tun daga na farko da aka buɗe a 1957, da na Kano, atamfa da yadi suka fi saƙawa, ba rigar sanyi ko wandon yara ba. Abin da ya durƙusar da su ya haɗa da rashin wutar lantarki, da lalacewar noman auduga bayan rushe hukumar cinikinta a 1986, da kwararowar sabbin atamfofi masu araha daga Asiya. Ban da haka, haramcin yana nan a takarda kusan shekara hamsin, bai hana dila shigowa ba. Abin da ya hana shi ne dubawa, domin hukuma ba ta iya sa ƙa'idar inganci a kan kayan da ta ce ba su shigo ba, wanda aka cuta kuma ba ya da bakin kai ƙara. Ruwanda ta ɗauki wata hanya a 2016, ta ɗaga harajin kilon gwanjo daga santi 20 zuwa dala biyu da rabi, abin da ya sa Amurka ta dakatar da rangwamen harajin da take yi wa tufafin Ruwanda a 2018. Ko a yabi matakin ko a kushe shi, a fili aka yi shi, kowa ya san abin da ke shiga. Magidancin da ke da 'ya'ya takwas a Sule Tankarkar kuwa, ba za a ce masa ya bar su cikin sanyi har ranar da masaƙu za su farfaɗo ba.

Maganar yaɗa cututtuka, wadda tana cikin hujjojin haramcin, ta fi sauƙin magani. Wanki da ruwan zafi da sabulu, da shanya a rana, da guga, suna kashe ƙwarƙwata da ƙwayar ƙaiƙayi. Kamfai da sauran kayan ciki ne ya fi kyau a bar su, ƙasar Gana ma ta hana sayar da su. Mai saye ɗai-ɗai yana da garkuwar da mai dila ba shi da ita, wato idonsa. Ya juya riga ciki waje, ya ɗaga ta a haske, ya duba hammata da wuya da zik, ya shinshina ko akwai warin danshi. Ya kuma tuna cewa kayan ranar fasa dila sun fi tsada amma sun fi daɗewa, na ƙarshen kasuwa kuwa sau da yawa arahar da ba ta ado ce.

Tunda hukuma ta juya baya, gyaran yana hannun kasuwa. Shugabannin 'yan gwanjo da sarakunan kasuwa a Maigatari da Gumel da Ƙofar Wambai suna iya tsayar da ƙa'idojin da ba sa buƙatar doka daga Abuja. A auna dila a gaban mai saye. A rubuta masa irin kayan da darajarsu da ƙiyasin adadinsu a takarda mai sa hannu. A fasa a gaban shaida daga ƙungiya, idan abin da aka tarar ya saɓa wa rubutun fiye da gwargwadon da aka amince da shi, a rage kuɗi ko a musanya. Masu ƙaramin jari su haɗa kuɗi su huɗu ko biyar su sayi diloli da yawa su raba bayan an fasa, ta yadda mugunyar dila ɗaya ba za ta tashi mutum ɗaya daga kasuwa ba. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba abin da zai rasa a wannan tsari, sai ma ƙarin masu saye. Wanda ya ƙi sa hannu a kan abin da yake sayarwa kuwa, ya riga ya ba da amsa game da abin da ke cikin dilarsa.