Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yaushe Ya Kamata Matafiyi Ya Isa Tashar Jirgin Ruwa?

Gwagwalada ba garin bakin teku ba ne. Ruwan da mutanen garin suka sani shi ne Kogin Usuma, wanda ko a tsakiyar damina ba ya ɗaukar abin da ya wuce kwalekwale, kuma daga nan zuwa tashar Apapa a Ikko tafiya ce ta kusan kilomita 700. Duk da haka, maganar lokacin da ya kamata matafiyi ya isa tasha ta shafi mutanen Gwagwalada kamar yadda ta shafi sauran jama'ar Arewa. Kakannin alhazanmu a jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Maliya, maniyyatan yau kuma har gobe suna fama da wannan lissafi a sansanin alhazai. Bugu da ƙari, wata sabuwar ƙofa ta buɗe ga masu hali, domin cikin watan Disamba, 2024 wani kamfanin Sa'udiyya mai suna AROYA ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a babban jirgin ruwan shaƙatawa, watau irin jirgin da mutum ke kwana a cikinsa, ya ci ya sha, yana zagaya garuruwan bakin teku.

Abin da matafiya da yawa ba su lura da shi ba shi ne, lokacin tashi da aka rubuta a tikiti lokacin jirgi ne. Na fasinja yana gaba da wannan, kuma ana lissafa shi da baya da baya daga sa'ar da za a rufe ƙofa. Wanda ya gane haka ya huta. Wanda bai gane ba kuwa, sai ya tsaya a bakin ruwa yana kallon kuɗinsa suna tafiya.

Darasin Sawakin

Kafin jirgin sama ya karɓe aikin ɗaukar alhazai, Bahaushe mai niyyar Makka yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Katsina ya bi ta Maiduguri, ya ƙetara zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, ya wuce Abeche, ya shiga ƙasar Sudan ta Jinaina, sannan Fashir da Ubayyid. Jirgin ƙasa ya iso Ubayyid cikin 1912, saboda haka mai ɗan guzuri yakan hau daga nan zuwa Hartum, ya zarce bakin Bahar Maliya. A can akwai tasha biyu: tsohon garin Sawakin, da Port Sudan wadda Turawan Ingila suka fara ginawa cikin 1905. Ko da ciniki ya koma sabuwar tashar, Sawakin ta ci gaba da zama mashigar alhazai. Tsakaninta da Jidda kimanin kilomita 300 ne kawai, tafiyar da jirgin hayaƙi ke yi a dare ɗaya da ɗan wuni.

To, amma isa Sawakin daban, shiga jirgi daban. Hukumomin wancan zamani suna tsoron kwalara da agana ƙwarai, musamman bayan yarjejeniyar kiwon lafiya ta ƙasashen duniya da aka ƙulla a Faris cikin 1926, wadda ta shimfiɗa ƙa'idodi ga jiragen alhazai. Dole a yi wa mahajjaci lamba da allura, a tsare shi a wurin killacewa da Larabawa ke kira Karantina har likita ya gamsu, a duba fasfonsa, ya biya kuɗin jirgi na zuwa da dawowa da kuɗin da hukumar Hijaz ta yanka. Wannan duka ba aikin wuni ɗaya ba ne. Ranar Arfa kuwa, watau 9 ga Zulhajji, ba ta matsawa don kowa. Saboda haka mahajjaci mai lura yakan yi ƙoƙari ya ga watan Shawwal ko farkon Zulƙida a bakin teku.

Wanda ya makara, ko guzurinsa ya ƙare, hanya biyu ce gare shi. Ko dai ya koma cikin Sudan ya yi ƙodago har shekara ta zagayo, ko ya yi kasada. Da yawa sun zaɓi ta farko, suka shiga aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe cikin 1925, wasu suka zauna a garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, wanda ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da aka kashe a Burmi cikin 1903. Shekara ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama ashirin, har aka haifi 'ya'ya da jikoki. Masu kasada kuwa sukan gangara wajen Masawa a ƙasar Eritiriya, su shiga ƙananan jiragen iska da ake kira sambuk, a ƙetare da su a ɓoye a sauke su kudu da Jidda. Waɗansu sun isa lafiya, waɗansu teku ta ci su, waɗansu ƙishirwa ta kashe su, akwai ma waɗanda suka faɗa hannun masu cinikin bayi.

Ganin irin wannan wahala ya sa cikin 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda ke kwasar maniyyata a motoci. Amfanin motar bai tsaya ga rage gajiya ba. Ta ba mahajjaci damar ƙiyasta ranar da zai isa bakin teku tun yana gida, abin da mai tafiya a ƙasa ko a kan jaki ba ya iya yi.

Jirgin Ikko

A ɗaya gefen kuma akwai hanyar Ikko. Ta nan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi cikin 1921, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce ya yi aikin Hajji. Daga bisani ɗalibai da ma'aikatan En'e masu zuwa kwas suka riƙa shiga jiragen kamfanin Elder Dempster, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne Aureol, da ya yi zirga-zirga tsakanin Apapa da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Tafiyar takan ci kimanin mako biyu. Hukumar jiragen ƙasa har jirgi na musamman take tanada wanda ake daidaita lokacinsa da na jirgin ruwan. Daga Kano zuwa Ikko ya fi kilomita 1,100, kuma in damina ta wanke gada ko kan jirgi ya lalace a hanya, jirgin ruwa ba ya tambayar dalili. Shi ya sa dattawan da suka yi wannan tafiya sukan gwammace su kwana biyu a Ikko suna jira, da su iso a ranar tashi.

Yadda Abin Yake A Yau

Jiragen shaƙatawa na zamani suna ɗaukar mutum dubu uku, wasu ma fiye da dubu biyar, kuma a wuni ɗaya suke sauke tsofaffin fasinja su ɗauki sababbi. Jirgi yakan shigo tasha da asuba. Daga hantsi zuwa wajen ƙarfe goma ana sallamar waɗanda tafiyarsu ta ƙare, ma'aikata suna share ɗakuna, ana loda abinci da ruwa da mai. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya ko tsakar rana ake fara shigar da sababbi, jirgi kuma ya tashi da la'asar ko kusan magariba.

Saboda haka wanda ya yi sammako ya iso da ƙarfe bakwai na safe bai ci ribar komai ba sai zaman jira da kaya a hannu, wani lokaci ma a hana shi shiga harabar tashar. Tun bayan annobar korona, da jiragen suka koma aiki cikin 2021, kamfanoni da yawa suna sa fasinja ya yi rajista ta intanet tun daga gida, ya zaɓi lokacin da zai iso, kuma wannan lokaci ake so ya kiyaye. Abin da ba a sassautawa shi ne na ƙarshe: galibin kamfanoni suna rufe karɓar fasinja awa ɗaya zuwa awa biyu kafin tashi. Idan tikiti ya ce ƙarfe biyar, mai hankali ya ɗauka cewa ƙarfe uku ne nasa, ya kuma iso tun kafin azahar ta yi nisa.

Mai karatu zai ce, me ya sa za a hana mutum shiga alhali ga jirgi yana tsaye a gabansa? Dalili na farko na hukuma ne. Dole kamfani ya miƙa wa jami'an shige da fice jerin sunayen duk wanda ke cikin jirgi kafin a ba shi izinin fita, kuma a Amurka doka ta ce a miƙa shi aƙalla minti 60 kafin tashi. Na biyu na teku ne. Babban jirgi ba ya fita sai da jagoran tasha wanda ya san mashigar ruwan, kuma an riga an tsara masa lokaci, ga wasu jiragen suna layi, a wasu wuraren ma sai an dubi cikar ruwa da janyewarsa.

Dalili na uku shi ne na rai. Ran 13 ga Janairu, 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio a ƙasar Italiya da mutum fiye da 4,000 a cikinsa, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjan da suka hau a wannan yammaci ba a riga an nuna musu inda za su taru ko yadda ake sa rigar ceto ba, domin dokar lokacin ta yarda a jinkirta wannan horo har awa 24 bayan shiga. Bayan haɗarin hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta gyara dokar, kuma tun daga 1 ga Janairu, 2015 wajibi ne a yi horon kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ashe ke nan wanda ya iso a makare yana neman a tsallake masa abin da zai iya cetonsa.

Akwai kuma tarkon agogo. Sa'udiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, Dubai da awa uku. A garuruwan da jirgi ke yada zango, agogon jirgi ake bi, kuma akan bukaci kowa ya dawo rabin awa kafin tashi. Wanda ciniki ya ɗauke wa hankali a kasuwa, shi zai nemi hanyar da zai cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Daga Gwagwalada Zuwa Basan Jiwa

Maniyyacin Gwagwalada na yau ba ya ganin Sawakin, ko da yake alhazan Sudan suna ƙetarewa ta nan har yanzu. Tasharsa ita ce sansanin alhazai na Basan Jiwa, kusa da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, inda Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Babban Birnin Tarayya ke tara maniyyatan ƙananan hukumomi shida: Gwagwalada, Kuje, Kwali, Abaji, Bwari da ta cikin birni. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau, kuma wannan kusanci shi ne ke yaudarar mutane. Hanyar Lokoja zuwa Abuja ta manyan motoci ce, tirela ɗaya in ta faɗi wajen mararrabar Giri sai a wuni ana tsaye.

An daina lambar agana, domin an kawar da cutar daga duniya cikin 1980, amma lissafin Sawakin yana nan daram. Takardar allurar shawara ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ta sanƙarau ma Sa'udiyya tana so a yi ta aƙalla kwana 10 kafin a isa ƙasarta. Fasfo kuma dole ya kasance da sauran wata 6 a gaba. Sannan ga ƙofar ƙarshe: bisa al'ada Sa'udiyya takan daina karɓar jiragen alhazai ran 4 ga Zulhajji. Cikin 2022, shekarar da aka koma karɓar alhazan ƙetare bayan hutun shekara biyu saboda korona, lokacin shiri ya ƙure, aka rufe ƙofa ɗaruruwan maniyyatan Nijeriya, da yawansu daga Kano, suna zaune a sansani da jakunkunansu. Su ba su makara ba, amma abin da ya same su ya nuna cewa duk wanda aka tura jirgin ƙarshe ba shi da sauran tudun dafawa. Maniyyacin da aka kira sunansa a jirgin farko ya ce sai ya sallami baƙi ko ya rufe shago, da hannunsa yake mayar da kansa cikin wannan sahu.

Saboda haka lissafin matafiyi hawa uku ne, ko jirgin ruwa zai shiga ko na sama. Takardu da allurai a gama su da makonni. Garin da tashar take a kwana a cikinsa, kada a dogara ga jirgin sama ko motar da za ta iso a ranar tashi. A ranar kuma a tambayi lokacin rufe ƙofa, a sa shi a zuci, a iso da sauran awa biyu ko uku a hannu. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kai kuɗin tikitin da za a yi asara ba, balle guzurin Hajji da wani ya shekara goma yana tarawa. Hausawa sun ce in kana da sammako, wani a tafe ya kwana. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.