Littafin Otal Da Ba A Gogewa: Me Ya Kamata A Rubuta A Ciki?

Yau hirar tamu ta kwamfuta ce, amma kada wata ta ce ba ruwanta. Duk wadda ta taɓa sauka a otal, ko a tafiyar Umara ko ta kasuwanci, ta ba da sunanta da lambar wayarta, wani sa'in har da fasfo. To ina waɗannan bayanai suke zuwa?

Bari mu fara da matsalar masu otal. Ɗaki guda ne, amma masu sayar da shi da yawa: otal ɗin kansa, da dillalan tafiye-tafiye, da shafukan intanet, kowa da littafinsa. In littattafan suka saɓa, sai a sayar wa mutum biyu ɗaki ɗaya. Shi ya sa wasu suka juya ga bulokcen, wato kundin sarƙa.

Ki ɗauka adashi kuke yi, amma maimakon uwar adashi ita kaɗai ta riƙe littafi, kowace 'yar adashi tana da kwafinsa. In an yi zubi, kowa ta rubuta. Kowane shafi kuma yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi, kamar zoben sarƙa. Wadda duk ta goge wani layi a nata, nan take asirinta zai tonu. Da wannan dabara kuɗin Bitcoin ya fara aiki a 2009. A 2015 aka ƙaddamar da Ethereum, wanda ya ba da damar ajiye ƙananan manhajoji a cikin kundin, masu aiwatar da yarjejeniya da kansu.

To mene ne laburaren manhaja? Ba ɗakin karatu ba ne. Kin ga yadda kike sayen dakakken yaji maimakon ki hau turmi? Haka mai rubuta manhaja take ɗauko aikin da wasu suka riga suka gama, ta zuba a nata. Laburare irin su ethers.js da web3.py su ne ke kai saƙo tsakanin manhajarta da kundin Ethereum.

A 2017 aka fara wani shiri mai suna Winding Tree, don haɗa otal-otal da jiragen sama da masu sayar da tikiti ba tare da babban dillali a tsakani ba, har kamfanin Lufthansa na Jamus ya haɗa gwiwa da su. Sun rubuta laburare a harshen JavaScript wanda a lokacin da shi ake shigar da otal cikin rajista, a gyara bayanansa, a cire shi, ko a karanto jerin otal-otal ɗin da ke ciki.

Aikin yana tafiya ne kamar haka. Karatu kyauta ne, kowa na iya dubawa. Rubutu kuwa sai da abu biyu. Na farko mabuɗin sirri, wanda da shi mai otal ke sa hannu don a tabbatar shi ne. Na biyu kuɗin aiki da ake kira gas, wanda ake biya a kan kowane rubutu. Saboda tsadar rubutun, ba su tura hotunan ɗakuna da farashi cikin kundin ba. Adireshin inda bayanan suke kawai aka rubuta, su kuma bayanan aka ajiye su a waje, inda za a iya sauya su kullum.

Nan ne fa gizo ke saƙar, 'yan uwa. Abin da ya shiga irin wannan kundi ya shiga ke nan. Ko an cire otal daga rajista, tsohon rubutun yana nan a tarihi, kowa na iya tono shi. To yi tunanin a ce sunan mace da ranar da ta kwana a otal kaza ne aka rubuta. Shekara ashirin ba zai gogu ba. Alhali dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da ta Nijeriya ta 2023, duk sun ba mutum damar neman a goge bayanansa. Don haka bayanan otal na iya shiga, amma sirrin baƙo wurinsa rumbun otal, inda ake iya sharewa.

Ga 'ya'yanmu mata masu karatun kwamfuta, ga shawara uku. Ki fara gwaji a kundin gwaji irin Sepolia, inda kuɗin ba na gaske ba ne. Kada ki taɓa rubuta mabuɗin sirri a cikin manhajar da wasu za su gani, don wanda ya same shi ya zama mai otal. Sannan ki duba ko ana ci gaba da kula da laburaren, domin shi ma yana tsufa, web3.js da aka daɗe ana yayi an daina kula da shi a 2025.

Ke kuma uwargida, in an karɓi fasfonki a otal, ba laifi ba ne ki tambaya ina za a ajiye bayanan, kuma wa zai gani. Haƙƙinki ne.